Na yi karatun jinya da zane da kiɗa, amma a Maraɗi babu mai neman irina

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni budurwa ce, a Maraɗi nake zaune. Na yi lisans a fannin sanin halayyar ɗan Adam a Yamai, daga nan na samu tallafi na tafi waje na yi mastar a kan jinya ta hanyar fasaha, wato amfani da zane, yumɓu, kiɗa da wasan kwaikwayo wajen taimakon masu damuwa da firgita. Tun bara na dawo gida. Kullum ina duba sanarwar ɗaukar aiki, ban taɓa ganin inda aka ce ana neman mai irin karatuna ba. Babana ya fara cewa ashe zanen yara na tafi koyo. Yayata ta ce in haƙura in kama sayar da atamfa tare da ita, wasu kuma sun ce in koma inda na yi karatun. Wai ina waɗanda suka yi wannan karatu suke ƙarewa? Ni kuma ina zan dosa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwarmu. Gara ki ji wannan tun da wuri: sanarwar da kike jira da wuya ta fito. A Ingila doka ce ta tsare sunan wannan sana'a, ba mai kiran kansa da shi sai wanda ya yi mastar aka yi masa rajista, kuma haka abin yake a Afirka ta Kudu. Shi ya sa a can asibiti kan buga sanarwa da sunan ƙarara. A nan Nijar ba a saba ware gurbi da wannan suna ba, ko a likitocin gwamnati ko a ƙungiyoyin agaji. Amma aikin da kika koya ana yin sa a jihar Maraɗi kowace rana, sau da yawa a hannun mutanen da horon ƴan kwanaki kawai suka samu. Sunayen da ake kiran sa da su ne daban. In kina duba sanarwa, ki riƙa neman agent psychosocial, animatrice psychosociale, psychologue, chargée de protection de l'enfance, da duk inda kika ga haruffan SMSPS, wato lafiyar ƙwaƙwalwa da tallafin zamantakewa. Lisans ɗinki na Yamai shi zai sa a karɓi takardunki. Mastar ɗin kuwa sai kin shiga ɗaki da yara ko mata za a ga amfaninsa.

Ko a ƙasashen da aka san sana'ar, ba kowa ke samun ofis guda da albashi guda ba. Da yawa haɗa-haɗa suke yi: kwana biyu a asibiti, kwana ɗaya a makarantar yara masu buƙata ta musamman, saura a gidan tsofaffi ko gidan yari ko koyarwa. Wasu kan zarce cikin bincike, wasu su zama shugabannin shirye-shirye har su daina riƙe alli. Kada ki ɗauka rashin kujera mai sunanki alama ce ta kin yi asarar shekaru.

Ƙofar da muka fi so ki fara ƙwanƙwasawa ita ce ta cibiyoyin kwantar da yara masu tamowa mai tsanani, waɗanda ake kira CRENI. Dalili kuwa, a rubuce aikinki yake cikin ƙa'idarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara matakai 10 na jinyar irin waɗannan yara, na 9 shi ne motsa hankalin yaro da kwantar masa da rai, har da wasa mai tsari na minti 15 zuwa 30 kowace rana. In damina ta kankama, tamowa ta haɗu da zazzaɓin sauro, gadaje suka cika a Maraɗi da Madarunfa, ma'aikatan jinya ba su da hannun da za su yi wannan. Madara suke aunawa, suna sa ruwa, suna duba zafin jiki. Mataki na 9 shi ake fara yarwa.

Ki san abin da ake yi a wurin tun kafin ki je. Yaron da aka kawo jiya, wanda ke kan madarar F-75, wato madarar jinya da ake fara ba irin waɗannan yara, ba ya son hayaniya kuma ba shi da ƙarfin wasa. Abin da za ki yi a lokacin, tare da uwa za ki yi shi: ta rungume shi, ta dube shi ido cikin ido lokacin ba shi madara, ta yi masa waƙar reno a hankali, ta kira sunansa. Sai ya fara cin abinci da marmari, ya fara bin mutane da ido, sannan a shimfiɗa tabarma a tara iyaye mata biyar ko shida da ƴaƴansu. Kayan wasan ba sai an saya ba. Gorar roba da aka zuba wa ƴan tsakuwa aka liƙe murfinta da kyau ta zama kacau-kacau, kofuna masu shiga cikin juna, ƴar tsana ta tsumma, ƙwarya da ludayi. Duk abin da zai iya shiga bakin yaro ya shaƙe shi a kawar da shi, kuma a wanke kayan da ruwan sabulu bayan kowane zama, domin waɗannan yara ba su da garkuwar jiki. Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne su karɓe yaron daga hannun uwa su yi ta wasa da shi, ana yaba musu. Ranar sallama uwa ce za ta koma ƙauye da shi. In ba ita ta koyi wasan ba, an bar shi a likita ke nan. Ki kuma sa ido a kan uwar da ke zaune shiru, ba ta duban ɗanta, ba ta hira da kowa. Sau da yawa ita ce mai buƙatar ki fiye da yaron.

In babban likita ya tambaye ki amfanin wannan, kina da hujja. A Kingston ta ƙasar Jamaika, daga 1986, an bi yara 129 da rashin abinci ya tsumburar. Wasunsu ana kai musu ziyarar wasa gida sau ɗaya a mako har shekara biyu. Da aka sake nemo su bayan kimanin shekara 20, kuɗin da suke samu ya fi na waɗanda ba a yi wa ziyarar ba da kusan kashi 25 cikin 100. Irin wannan magana ce ke shiga kunnen likita.

Ƙofa ta biyu ita ce ta ƴan gudun hijira. Tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga Zamfara, Sakkwato da Katsina saboda ƴan bindiga, suka sauka musamman a yankin Gidan Rumji, aka zaunar da wasu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori. Ƙungiyoyin da ke kula da yara a irin waɗannan wurare kan buɗe filin wasa mai tsaro, su ɗauki matasan gari su riƙa jagorantar wasanni. Matsayin da ya dace da ke a nan shi ne na mai horar da waɗannan matasa da duba aikinsu, tare da riƙe ƙananan rukunoni na yaran da abin ya fi taɓawa. Hausarki babbar dukiya ce a nan, domin ƙwararren da aka kawo daga nesa sai da tafinta, kuma yaro ba ya faɗin abin da ke cin ransa ta bakin mutum na uku.

Akwai kuma cibiyar masu yoyon fitsari ta Danja, kudu da gari, wadda aka buɗe a 2012. Mata kan yi makonni suna jiran aiki ko murmurewa, da yawansu an guje su a gida. Ɗinki, saƙa, lalle da waƙa a rukuni sun dace da wurin ƙwarai. Sai makarantar kurame, da makarantu masu zaman kansu da ke fama da yaran da ba sa zama wuri guda, da sashen ƙananan yara na gidan kaso, da makarantun horar da ma'aikatan lafiya masu ɗaukar malamai na sa'o'i. Wannan na ƙarshe kada ki raina shi: darasin sa'a huɗu a mako yana kawo ɗan abin sayen sabulu, kuma ɗalibanki su ne za su riƙa turo miki mutane nan da shekara uku.

Takardu kuwa ki gama da su cikin wannan wata. Ki kai difloma ta waje ma'aikatar ilimi mai zurfi a tantance daidaitonta, domin in babu wannan, a idon gwamnati lisans kawai gare ki. Ki yanki katin ANPE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, tunda sanarwa da yawa suna neman sa. Ki tanadi kwafin difloma da aka buga wa hatimi, takardar haihuwa, ta zama ƴar ƙasa, da ta shaidar rashin laifi wadda ba ta wuce wata uku ba. In ba ki yi bautar ƙasa ba, ki nema, ki roƙi a tura ki likita ko ofishin kare yara na jiha. Hanya ce ta shiga ciki da mutane da yawa ba sa lura da ita. A takardar tarihin aikinki, layin farko ya ce ke masaniyar halayyar ɗan Adam ce mai ƙwarewa a aiki da yara da rukuni. Zane da kiɗa su zo a layi na biyu. Ki ƙara da taimakon gaggawa na kwantar da hankali, wanda littafin jagoransa ya fito a 2011, da sanin tsarin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, mai koya wa ma'aikatan lafiya kula da masu matsalar ƙwaƙwalwa, da matakan tallafi huɗu na ƙa'idojin 2007 na IASC, kwamitin haɗin gwiwar hukumomin agaji na duniya. A kansu ake yawan yin tambaya ranar ganawa, kuma ana samun su kyauta a intanet da Faransanci.

Abin da zai bambanta ki da sauran masu nema shi ne ki zo da aikin da kika riga kika yi a ƙasar nan, da sakamakonsa a rubuce. Ki nemi wuri guda, makaranta ko likita ko gidan marayu, ki roƙi izinin riƙe rukuni ɗaya na gwaji. A yi yarjejeniya a takarda, da ranar farawa da ranar gamawa, kada ta wuce wata uku. Aikin kyauta da ba shi da ranar ƙarewa yakan zama al'ada, a saba da samun ki a banza.

Yara 8 zuwa 10 sun isa, masu kusancin shekaru, misali 7 zuwa 10 ko 11 zuwa 14, kuma daga shekara 11 a raba maza da mata. Zama 8, sau ɗaya a mako, ba a canza rana, lokaci ko ɗaki. Wanda bai fara da ku ba ba ya shiga a tsakiya. Manya biyu ne a ɗakin kullum, ke da mataimakiya, saboda in yaro ya fashe da kuka ya fita, wata ta bi shi wata ta riƙe saura, kuma saboda kare mutuncinki daga zargi. Kowane zama ya kai minti 65 zuwa 70: minti 10 na buɗewa da waƙa ko tafi iri ɗaya kowane mako, minti 30 zuwa 35 na aiki, minti 15 wanda ya ga dama ya nuna abin da ya yi, minti 10 na rufewa da tattara kaya tare. Maimaita buɗewa da rufewa iri ɗaya ba ƙawa ba ce. Yaron da ya ga an tashi garinsu cikin dare yana samun natsuwa ne daga sanin abin da zai biyo baya.

Kaya: fakitin takarda ɗaya mai warƙa 500, fensir masu launi, alli, ƙananan alluna, yumɓu daga wajen masu ginin tukwane, tabarmi, bokitin ruwa da sabulu, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Ki guji launin kakin zuma a watannin bazara, narkewa yake yi a cikin jaka. Fentin ruwa kuma ki bar shi sai zama na huɗu ko na biyar, domin yana kwarara, kuma yaron da hankalinsa ke tashe abin da ba ya iya sarrafawa yana ƙara rikita shi. Fensir da alli sun fi riƙe shi. Kowane yaro da jakar takardarsa mai lamba, ba suna ba.

Ga inda abin ke lalacewa. Wasu tun ranar farko sai su ce wa yara su zana abin da ya faru ranar da aka kawo hari. Za a samu zane mai tayar da hankali wanda ya yi kyau a rahoto, yaro kuma ya koma gida ya kasa barci, ya dawo fitsarin kwance, uwa ta hana shi sake zuwa, kuma tana da gaskiya. Zama uku na farko na gina aminci ne: ya zana inda yake jin daɗin zama, ya gina rumbu da yumɓu ya faɗi abin da zai ajiye a ciki, ya zana tafin hannunsa ya sa wa kowane yatsa mutumin da yake gudu wurinsa. In abin tsoron ya fito da kansa, ki karɓe shi ba tare da zaƙewa da tambaya ba. Kada ki fassara zane. Baƙin launi ba lalle baƙin ciki ba ne, wataƙila shi kaɗai ya rage a gwangwani. Ki ce masa, ba ni labarin wannan, ki saurara. Babu gasa, babu kyautar wanda ya fi iyawa. Babu ɗaukar hoton yaro ko zanensa a sa a Facebook ko WhatsApp, ko da shugaban wurin ne ya nema. A gari irin namu zane ɗaya ya isa a gane gidan da ake nufi. Kuma tun zama na shida ki fara sanar da su saura nawa, don kada rabuwar ta zo musu kamar wani rashin.

Awo shi ne abin da zai mayar da wannan aiki takardar neman aiki. Ga yara akwai SDQ, tambayoyi 25 da uwa ko malami ke amsawa, akwai shi da Faransanci. Ga manya akwai PHQ-9 ko WHO-5. Ki cike kafin zama na farko da bayan na ƙarshe, ki yi tambayoyin da Hausa iri ɗaya duka lokutan biyu, ki riƙe rajistar zuwa. Daga nan ki rubuta rahoto na shafi biyu: su wa, me aka yi, nawa suka kammala, me ya canza, me bai canza ba, nawa aka kashe. Ki faɗi gaskiya ko da canjin kaɗan ne, ki kuma rubuta cewa yara goma ba su isa a yanke hukunci ba. Mai ɗaukar aiki da ya san abin da yake yi wannan layin zai fi burge shi.

Sai batun da ba a koya miki a waje ba. A Maraɗi akwai gidaje da yawa da ba su yarda da zana abu mai rai ba, akwai waɗanda ba sa son kiɗa, akwai kuma wanda da ya ji ganga da maganar warkarwa a wuri guda zai ce bori ne. Kada ki yi gardama da kowa a kan wannan, kuma kada ki yi abu a ɓoye. Kafin ki fara, ki tara iyaye, ki gayyaci mai unguwa da liman ko malamar Islamiyya, ki baje kayan a gabansu, ki faɗi abin da za a yi da wanda ba za a yi ba, ki nemi yardar kowane uba ko uwa. Aikinki bai dogara ga zana fuska ba. Akwai dagi da zanen ƙwarya da adon bango, akwai itatuwa da gidaje da taswirar gari, akwai tatsuniya wadda yara za su canza mata ƙarshe, akwai tafi da gaɗa ga ƴan mata. In an amince da kiɗan ƙwarya a rukunin mata, madalla. In ba a amince ba, murya da tafi sun wadatar.

Ki san iyakarki. Wanda ya yi maganar kashe kansa, ko yake jin muryoyi, ko yake faɗuwar farfaɗiya, ko ya daina ci da barci kwanaki, ko matashin da tiramadol ya kama, likita ne farko, ke kina biye. Yaron da ya faɗa miki ana lalata da shi ko ana azabtar da shi, kada ki taɓa yi masa alkawarin rufe maganar. Ki gaya masa za ki sanar da wanda zai kare shi, ki bi ta ofishin kare yara. Lambobin waɗannan mutane su kasance a wayarki tun kafin zama na farko, kuma ki je ki gaishe su da ƙafarki. Ke ma kina buƙatar mai duba aikinki. Ki roƙi ɗaya daga malamanki na mastar ko wani gogaggen masanin halayya a Yamai ya ba ki sa'a ɗaya a wata ta waya. Mai sauraron labarin kisa da fyaɗe kowane mako ba tare da inda zai sauke ba, ba ya daɗewa a wannan aiki.

Game da kuɗi ba za mu ruɗe ki ba. Kwantiragin ƙungiyoyi na wata shida ne ko shekara, kuma tun 2025 kuɗin agaji daga waje ya ja baya sosai. Buɗe wurin kanki yanzu bai dace ba: sai da izinin ma'aikatar lafiya, kuma masu iya biyan kuɗin zama kowane mako ba su da yawa tukuna. Saboda haka tayin yayarki ba abin ƙi ba ne. Ki karɓi kwana biyu ko uku a shagonta, sauran ranakun na aikinki ne, ki faɗa mata haka tun farko don kada a samu saɓani.

Shi kuma Baba, ba raina ki yake yi ba, sunan aikin ne bai ba shi abin da zai faɗa wa abokansa a majalisa ba. Ki daina yi masa bayanin zane. Ki ce masa kina aiki da likitoci wajen taimakon yaran da tamowa ta kwantar da waɗanda ƴan bindiga suka firgita, kuma gaskiya kika faɗa. Ranar da aka ba ki takardar izinin fara rukunin gwaji, shi za ki fara kai wa ya sa albarka.

Komawa waje kuwa, ki lissafa da kyau: a can sai kin yi rajista, kin samu takardar zama, kin yi gogayya da ɗaruruwan masu irin takardarki. Mu dai shawararmu ki ba wa Maraɗi shekara ɗaya ta nema irin wanda muka zayyana. In ta cika ba ki samu ko kwantiragi ɗaya ba, ki ɗauki rahotonki ki nufi Yamai, inda manyan ofisoshin ƙungiyoyi da jami'ar Abdu Mumuni suke, ki nemi a tura ki duk jihar da ake da gurbi, ko Diffa ce ko Tawa.